Aska Takwas a Fentin Mai: Yadda Muka Kwashe da Wanda Ya Zana Baba a Jos

Tun da aka rataye zanen Baba a falon gidanmu na Gangare ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya tsaya ya ƙura masa ido, sannan ya juyo gare ni: wa ya yi wannan, nawa ya karɓa, zai yi mini na tsohuwata? Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, da zaƙinsa da ɗacinsa. Sunan mai zanen da na shagonsa kam ba zan kama ba, domin akwai ƙorafi a maganata, kuma ba na so in zama sanadin rage wa bawan Allah abinci. Shagon dai a cikin gari yake, a saman wani tsohon bene, ɗaki ɗaya mai babbar taga. Tun kana matakala warin fenti da kananzir zai tare ka.

Baba maɗinki ne, amma ba na keke ba. Aikin hannu yake yi a babbar riga, allura da zare, aska biyu, aska takwas, malum-malum, sama da shekara hamsin yana wannan sana'a. Rumfarsa tana babbar kasuwar Terminus har gobarar 2002 ta cinye ta, daga nan ya dawo zauren gida ya ci gaba, har ido ya ce ya gaji. Yanzu ya haura tamanin. Duk hotunansa da muke da su na fasfo ne da na katin zaɓe da na taron biki, kuma a kowanne ya tsaya ƙiƙam ya zare ido kamar wanda aka kama da kayan sata. Babu ɗaya da za ka nuna wa jika ka ce ga kakanka nan yadda yake.

Ba zane ne ya kai ni shagon ba, firam na je a yi wa wata takardar shaida. Ina jira sai idona ya faɗa kan wani hoto da aka manna a bango da kusa: tsohon Bature mai farin gashi, fuska ta kammala tsaf, amma daga kafaɗa zuwa ƙasa babu komai sai kyalle. Na ce wannan ai mutumin kan dala ne, me ya hana a ƙarasa shi? Mai zanen ya ajiye buroshi ya yi dariya. Ɗan Filato ne, ya fara furfura, a Zariya ya yi karatun zane, Hausarsa irin tamu ta Jos.

"Hajiya, ai tambayar da matar mutumin ta yi ta yi ke nan har ta mutu."

Ni malamar tarihi ce a sakandare, na san Joj Washinton a matsayin shugaban Amurka na farko, amma labarin hoton ban taɓa ji ba. Wani mai zane Gilbert Stuart ne ya fara shi a 1796, matar Washinton ce ta sa a yi. Da Stuart ya ga fuskar ta fito yadda yake so, sai ya ƙi ƙarasawa, ya riƙe abinsa, ya riƙa kwafe shi yana sayarwa dala ɗari-ɗari, har kwafi wajen saba'in da wani abu. Wannan fuskar ce ke kan takardar dala ɗaya fiye da shekara ɗari, sai dai a kan kuɗin ta juya, dama ta koma hagu. Da ina da wayo, tun a ranar zan gane cewa mutumin da gwaninsa ya yi suna wajen riƙe aikin mutane, shi ma sai an yi da gaske. Amma ya jawo wasu zanuka uku daga bayan kabad, wata tsohuwa da wasu dattawa biyu, na ga fuskoki kamar za su amsa sallama. Nan take Baba ya faɗo mini a rai.

Salon da yake bi shi ne wanda Turawa ke kira niyokilasik, wato komawa ga tsarin Girka da Rum na dā. Abin ya taso a Turai bayan an fara tono garuruwan Rumawa da aman dutse ya binne a Italiya, Hakulaniyam a 1738 da Pompei a 1748. Masu zane suka ga gumakansu da gine-ginensu, suka yi watsi da yawan ƙyale-ƙyale, suka koma ga natsuwa: mutum a zaune ko a tsaye cikin kamala, haske daga gefe guda, baya duhu-duhu, babu wage baki, babu tarkace. Amurkawa sun karɓi salon hannu bibbiyu domin ya zo musu a kan gaɓa. Sun ayyana 'yanci a 1776, an gama yaƙi a 1783, sun rabu da sarkin Ingila, suna neman abin koyi na ƙasar da ba ta da sarki, sai suka ɗauki jamhuriyar Rum. Ko sunan majalisar dattawansu, Sanat, daga can suka aro. Masu zanensu kuma yawanci ta hannun mutum ɗaya suka bi, Benjamin West, ɗan Pensilbaniya da ya tafi Italiya a 1760, ya zauna a Landan, har ya shugabanci babbar makarantar zane ta masarautar Ingila a 1792. Stuart a gidansa ya goge.

Kafin a je ko'ina sai da muka sha da Yaya. Ya ce zanen mai rai ba ya halatta, ba da shi ba. Ban yi masa musu ba, muka tafi wajen malamin da Baba ke ɗaukar karatu gabansa. Malam ya ce a littattafan Malikiyya abin da aka haramta kai tsaye shi ne gunki, mai jiki mai inuwa, cikakkiyar sura. Na shafe a takarda ko kyalle bai kai can ba, balle wanda bai cika jiki ba. Ya ƙara da cewa akwai malaman da suka tsananta fiye da haka, kuma suna da hujjojinsu. Ni ba fatawa nake bayarwa ba, kowa ya tambayi malaminsa. Mu dai muka tsaya a kan rabin jiki, kuma ba za a rataye shi a alƙibla ko a ɗakin da ake salla ba. Yaya bai ce ya yarda ba, amma ya ba da nasa kason.

Kuɗin: naira 380,000, har da firam, rabi kafin a fara. Tsawon kyallen ya ɗan haura ƙafa uku. Ya ce zama huɗu, sati shida a gama. Ya kuma kafa sharaɗi cewa ba ya zana mai rai daga hoton waya. Na mamaci ne kawai yake yi daga hoto, shi ma yana gaya wa masu shi kada su sa rai da yawa. Wannan sharaɗin ne ya fara sa na ga girmansa, domin garin nan cike yake da masu buga hoto a inji su shafa masa ɗan fenti a sama su ce zanen hannu ne.

Zaman farko sai da aka riƙe Baba mutum biyu wajen hawa benen. Wannan ma abin lura ne ga mai tsoho: matakalar ƙunci gare ta, ba ta da abin dafawa, kuma mai zanen ba ya zuwa gida sai an ƙara kuɗi, wai hasken tagarsa ya saba da shi. Tagar arewa take kallo, rana ba ta faɗowa ciki kai tsaye, saboda haka hasken ba ya yawo daga hantsi zuwa azahar. Ko fitila bai kunna ba, ba ruwansa da a kawo wuta ko a ɗauke. Ya zaunar da Baba a kujerar katako, ya ɗan karkata shi, ya rufe rabin tagar da buhu. Baba ya sha mur, ya yi fuskar fasfo.

"Baba, a saki jiki, ba ofishin 'yan sanda ba ne."

"Yaro, yi aikinka. Haka fuskar take."

Bai yi gardama ba. Ya aiki yaronsa ya sayo shayi da masa, ya shiga haɗa launi a faranti yana jan Baba da hira. Ya tambayi farashin zaren tsamiya a da, Baba ya amsa a gajarce. Ya tambayi jirgin ƙasa, shiru. Sai ya ce mahaifiyarsa tana sayar da dankali da acca a kasuwar Terminus kafin gobara, ta ƙofar da ke kallon wajen masu motoci. Na ga Baba ya ɗago. Ya tambayi wane layi. Kafin minti goma ya manta da ni, ya manta da buroshi, yana lissafa maƙwabtansa na rumfa ɗaya bayan ɗaya, wane ya rasu, wane ya koma Bauchi, wane Ibo ne amma shi ke ajiye masa makulli. Girar hagunsa ta ɗaga yadda take yi idan labari ya yi masa daɗi, gefen bakinsa ya ɗan motsa. Mai zanen yana "to", "ikon Allah", hannunsa bai tsaya ba. Babu fensir, babu gawayi, da fenti ya fara kai tsaye, wani ruwa-ruwa launin ƙasa. Daga baya ya gaya mini wannan ma dabarar Stuart ce, mutum ne mai surutu da ke kwance fuskar mai zama da hira, kuma an ce Washinton ya ba shi wuya sai da aka gangaro kan dawaki da noma.

Akwai wata magana da ta taso a zama na biyu wadda har yanzu nake dariyarta. Baba yana da haƙoran roba da ba ya so, sai za shi taro yake sa su. Ranar farko ya sa, ranar ta biyu ya manta su a kofi. Mai zanen ya duba ya ce, "Baba, jiya bakin wani ne, yau na wani. Wanne za mu ɗauka?" Sai ya nuna mana bakin Washinton a hoton bango, yadda ya kumbura ya matse kamar mai riƙe da ruwa. Ashe lokacin da aka rantsar da shi a 1789 haƙori ɗaya ya rage masa, na jabun kuma da hauren dabba da ƙarfe aka yi su, suna tura masa leɓe. Baba ya daɗe yana kallo, ya ce, "Allah sarki, ashe shi ma ya sha. A yi ni ba su." Haka aka yi, kuma shi ne daidai, domin bakin da muka sani ke nan.

Wajen fata ne na tabbatar kuɗinmu bai faɗi banza ba. Baba baƙi ne sosai, irin wanda kyamarar waya ke mayarwa dunƙulen duhu ko ta yi masa fari kamar ya sha mai. Na tsaya bayan mai zanen na ga abin da ke farantinsa: ja, ruwan ƙasa iri biyu, shuɗi, ɗan kore, ɗan ruwan ɗorawa. Baƙin fenti ko ɗigo bai sa a fuskar ba. A goshi, inda hasken taga ke sauka, wani shuɗi-shuɗi ya sa mai sanyi. A kumatu da gefen hanci ja ya ɓoye a ƙasa, ya bi shi da shafi siriri har sau uku, kowanne sai ya sha iska. Tabon salla ya fito, ba a zuzuta shi ba. Ya ce a nan littattafan Turawan ba su da abin koya masa sosai, fatar da suka ƙware a kai ja ce da fari. Hoto ɗaya ne ya ce yana komawa gare shi, ya buɗo mini shi a wani tsohon littafi da bangonsa ya rabu. Wani tsoho baƙar fata, da hular saƙa, da kwat mai kauri, yana murmushi ƙasa-ƙasa. Yarrow Mamout, Musulmi daga Afirka ta Yamma da aka kai Amurka bauta a 1752, ya samu 'yanci bayan shekara arba'in da huɗu, ya mallaki gidansa a Jojtawun, wadda yanzu unguwa ce a birnin Washinton, yana rubutu da Larabci. Masana da dama na ganin Bafulatani ne, sunan kuma Yero Mamudu. Charles Willson Peale ya zana shi a 1819, kuma hoton yana gidan adana zane na Filadelfiya. Peale ɗin nan shi ne ya fara zana Washinton tun a 1772, kuma da sirdi ya fara sana'a kafin ya kama buroshi. Na kai wa Baba littafin kusa da ido. Ya ce, "Wannan ai kamar mai goron bakin masallacin Juma'a."

To, daga nan daɗin ya fara gaurayuwa.

Bayan zama na uku ya ce mu ba shi sati biyu ya zana abin da zai kasance a bayan Baba. Da na koma ni kaɗai, na tarar da Baba zaune gaban wani ƙaton farin ginshiƙi, jan labule mai tuntu ya sauko ta kafaɗarsa, can nesa ga gajimare. Mai zanen yana ta murmushi, jira yake in yaba. Ya buɗo mini inda ya samo: babban hoton Washinton na tsaye, wanda ake kira na Lansdowne, shi ma Stuart ya yi a 1796, tsawonsa kusan ƙafa takwas. Na zauna na kalle shi da kyau, kuma gaskiya aiki ne. Sai dai kowane abu a cikinsa magana yake yi. Washinton na sanye da baƙin karammiski, ba kakin soja ba, takobi na kube a hannun hagu, hannun dama a miƙe: soja ya ajiye yaƙi ya zama farar hula. Ƙafar teburin an sassaƙa ta kamar damin sanduna ɗaure, alamar iko a Rum. Ga littattafan dokokin ƙasa, ga alƙalami da tawada, ga bakan gizo a sama, hadari ya wuce. Ginshiƙan suna cewa sabuwar ƙasar nan jikar Rum ce. Amurkawa sun san darajarsa: da sojojin Ingila suka ƙone fadar shugaban ƙasa a 1814, kwafinsa na cikin abin da matar Shugaba Madison ta sa aka fitar, na asalin kuma dala miliyan 20 aka biya a 2001 don ya zauna a birnin Washinton.

Duk wannan labarinsu ne. Na ce masa, Malam, ginshiƙin nan me yake cewa game da Baba? Ya ce yana ƙara kwarjini, manyan mutane daga Abuja ma shi suke nema, wani har mikiya ya sa aka yi masa. Na ce su ya dama. Ko Amurkawan da kansu sun san inda aro ke zama abin dariya: a 1841 aka kafa wani gunkin Washinton a majalisarsu, ba riga, ya yafa mayafi kamar allan Girkawa, mutane suka yi ta ba'a har aka fitar da shi waje. Muka ɗan yi sa-in-sa. Abin da ya kashe maganar shi ne da na nuna wa Baba a waya da daddare. Ya kawo ta dab da hanci, ya ce, "Uwata, wannan gidan wa aka kai ni? Ni sarkin ina ne?"

An goge ginshiƙi da labule. Ya caje ni ƙarin 25,000, wanda har yau nake ganin zalunci ne, tunda bai tambaye ni ba kafin ya yi. Wanda zai je, ya zauna da shi tun ranar farko a fayyace abin da zai kasance a baya da abin da za a riƙe a hannu, a rubuta a takarda. In ka bar masa, ginshiƙi za ka samu. Abin da ya maye gurbin shi ne duhu mai ɗumi, launin bangon zaure, yana ɗan washewa ta bayan kafaɗar da ke cikin inuwa. Ya fi kyau nesa ba kusa ba, kuma na ga alama shi ma ya sani, bai dai faɗa ba.

Rigima ta biyu ita ce babba, kuma ba ni na tayar da ita ba. Rigar da Baba ya sa ta saƙi ce, shuni ya kama ta, aikin aska takwas da zaren tsamiya, shi ya yi ta da hannunsa tun kafin a haife ni. A zama na huɗu mai zanen ya juyo da kyallen don Baba ya gani. Fuskarsa ko kallo bai yi ba. Ya miƙa yatsa wajen ƙirji, ya matso, yana ƙirgawa a hankali. Ɗakin ya yi tsit.

"Bakwai ne."

"Baba, ai ninki ya ɓoye ɗaya."

"Ninki bai ɓoye komai ba. Kuma askar ba haka take sauka ba, ka yi su kamar haƙoran zarto. Ina tambarin? Wannan nadin tabarma ne ko tambari? Linzamin ma ka karkata shi. Yaro, in almajirina ya kawo mini wannan, farkewa zai yi."

Mai zanen ya kare kansa da cewa ido ya kamata ya tafi fuska, tufa 'yar rakiya ce, Stuart ma da 'yan shafe-shafe yake gama riga. Gaskiya ne, haka Stuart yake. Amma a littafin nasa dai na ga wanda ya saɓa masa, John Singleton Copley na Bostan, wanda ya riga shi, mutumin da in ya zana siliki sai ka ji kamar ka taɓa. A 1768 ya zana wani maƙerin azurfa, Paul Revere, ba kwat, da 'yar shara, yana riƙe da butar shayin da ya ƙera, kayan aikinsa a kan tebur, har inuwar yatsunsa ana gani a jikin butar. Na buɗe shafin na ajiye masa. Na ce wannan maƙeri ne aka zana shi da aikinsa. In da Copley ya lanƙwasa bakin butar nan, da maƙerin ya karɓa? Rigar nan ba tufa ba ce a wajen Baba, ita ce takardar shaidarsa.

Abin da ya yi bayan nan shi ya sa nake iya tura mutane wajensa duk da abin da zan faɗa a gaba. Ya yi shiru, ya goge hannu, ya durƙusa gaban Baba ya ce a koya masa. Baba ya tuɓe rigar, aka shimfiɗa ta a tebur, ya shiga bin aikin da yatsa: nan aka fara, nan zare ya juya, askar nan ta fi waccan tsawo da gangan, cikon nan ba a jere yake ba, a karkace yake don ya kama haske. Sun fi awa ɗaya. Mai zanen na zanawa da fensir a takarda, Baba na cewa a'a, sake. Muka bar masa rigar, da gargaɗin in ɗigon fenti ya taɓa ta ba za a ji da daɗi ba. A hannun Baba kuma, maimakon sandar girma da ya so sa masa, aka sa allura da zare, hannun na kan gwiwa.

Sati shida ya zama wata huɗu da kwana goma. Wani ɓangaren uzurin gaskiya ne: damina ta shigo, kuma wanda ya san Jos a watan Agusta ya san ko wanki ba ya bushewa, balle fentin mai da ake jiran shafi ya sha kafin a ɗora wani. Amma sauran ba damina ba ce. Waya ba ya ɗauka. In ka je, yaronsa ya ce ya fita sayo kaya. Wata rana na hau ba sanarwa na tarar da zanen Baba jingine fuska ga bango, wani mai babbar hula na kan katako, da ginshiƙinsa. Mun so a kai shi gida kafin Babbar Salla, lokacin da 'yan uwa ke haɗuwa, Salla ta zo ta wuce. Abin da ya fi damuna ban iya faɗa masa ba sai ranar da na fusata: mutumin nan ya haura tamanin, ba a yi wa irinsa gobe-gobe. Na ce in kana koyi da Stuart, ka tuna bashi ya koro shi daga Landan zuwa Dablin, daga can ma bashi ya koro shi gida, kuma da ya mutu a 1828 ko alamar kabari iyalinsa ba su iya saya ba. Ya yi dariyar jin kunya ya ce Hajiya kin yi karatu. Bayan kwana tara ya kira.

Firam ɗin shara ne, ba ni da wata kalma. Katako mara nauyi, an fesa masa ruwan zinariya da ke biyo yatsa, kusurwa ɗaya ta buɗe tun a mota. Ba shi ke yi ba, bayarwa yake, amma shi ya karɓi kuɗin. Na cire shi na kai wa wani kafinta ya yi mini na maɗaci, ba ado, aka shafa masa mai kawai. Ku ce a cire kuɗin firam daga ciniki. Hannun hagu ma, wanda ba ya riƙe da allura, bai kai na dama ba, yatsun sun yi tauri, ina zargin yaron shago ne ya yi su. Na yi magana, ya ce zai taɓa shi idan an kawo shafin ƙarshe.

Amma fuskar. Ranar da aka shigo da shi, Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta leƙo falo, ta tsaya, ta gyara mayafi kamar ta ga baƙo, sai ta ce, "Ji shi, zai fara labarin kasuwa." Girar hagun nan ce. Ban san yadda ya kama ta ba, tunda ba ta daɗewa, amma tana nan. Idon yana da ɗan hazo irin na tsufa, bai wanke shi ya mayar da Baba saurayi ba. Yaya da ya ce ba da shi ba, na same shi da daddare shi kaɗai a gaban zanen, ya goya hannu a baya. Da ya ji motsina sai ya ce yana duba ƙusar ce ko ta kama.

Ya ce kada a sa masa gilashi, kada rana ta riƙa dukansa, kada a goge da jiƙaƙƙen tsumma, ƙurar hunturu a kaɗe ta da busasshen buroshi mai laushi. Man ƙyallin da ake shafawa a ƙarshe sai fentin ya yi aƙalla wata shida, don haka akwai sauran hawa benen nan a gabana, kuma na riga na gaya masa a gabana za a shafa, ba zan bar zanen ya kwana ba.

Baba kuwa sai da aka sauko masa da shi ƙasa, aka kai bakin ƙofa inda haske yake. Ya sa tabarau, ya bi askar da yatsa ba tare da ya taɓa ba, leɓensa na motsi. Ya kai takwas. Ya daɗe a kan tambarin. Na ce, Baba, fuskar fa? Ya ce fuska ai ku kuka san ta, ni ba na ganinta. Sannan ya ce in gaya wa yaron aska ta shida ta ɗan gaza, amma ya yi ƙoƙari, kuma ya dawo masa da rigarsa, Juma'a yake son sa ta.